An ba ni riƙon gidan gala a Legas, yaya zan hana a wulaƙanta 'yan rawana?

"Anti, barka da war haka. Ni haifaffen Agege ne, shekarata 29. Wata uku ke nan uban gidana ya damƙa mini riƙon gidan galarsa da ke wajen Ojo. Muna da 'yan rawa mata tara, maza huɗu, da dije da masu gadi. Abubuwa uku sun hana ni barci: masu liƙi suna kai hannu jikin 'yan matan, ana ɗaukarsu bidiyo ana sawa a TikTok har iyayen ɗaya suka gani a gida, sannan kusan kullum sai an yi rigima wajen rabon kuɗi. In na yi magana sai a ce mini nan bariki ce, ba a wa'azi. Wai wannan harkar tana da ƙa'ida da ladabi kamar sauran sana'o'i, ko dai in ajiye masa makullinsa?"

Barka kadai, ƙanena. Na karanta saƙonka har sau biyu. Abin da kake tambaya shi ne ko yarinyar da ta hau dandamali ta yi rawa ta sallama jikinta da fuskarta da guminta ga duk wanda ya biya kuɗin ƙofa. Ba ta sallama ba. Wanda ya biya kuɗin ƙofa kallo ya saya da sauraro, iyakarsa ke nan. Kuma wanda alhakin tsare wannan iyaka ya rataya a wuyansa shi ne mai riƙon gida, wato kai, domin yarinya mai neman abin kai wa baki ba za ta iya yin faɗa da mutumin da ke riƙe da damin kuɗi ita kaɗai ba.

Shekarata 22 a cikin harkar nan. Na fara da amshi a ƙungiyar mata masu wasan biki a Agege, na yi rawa, daga baya na riƙe gidaje biyu: ɗaya na gala, ɗaya kuma wurin shaƙatawa na dare a Ikeja inda yawancin baƙinmu Yarbawa ne da Ibo. Abin da zan faɗa maka daga nan ya fito. Ni ba malama ba ce, saboda haka hukuncin sana'ar a addini ka kai shi gaban malamin da ka yarda da iliminsa, kuma ka saurare shi da zuciya ɗaya. Ni ba lauya ba ce kuma, dokokin da zan ambata na san su ne saboda sun taɓa aikina, in magana ta kai kotu ka nemi lauya. Amma ko wace fatawa aka ba ka, cin zarafin wadda ke aiki a ƙarƙashinka laifi ne mai zaman kansa, kuma ba a taɓa cewa kuskuren mutum ya halatta mutuncinsa ba.

Inda matsalar ta samo asali

Masu ce maka bariki ba ta da doka ba su san tarihin wasa ba. A dandalin gargajiya akwai sarkin fili mai tsare da'ira, akwai sanƙira mai jan ragamar wasa, akwai sarkin samari da za a kai wa ƙarar yaron da ya yi rashin kunya, kuma kowa ya san ɗan wane ne. Gala ta gaji kiɗa da liƙi da kirari, ta baro masu tsawatarwa a gida. Sai aka haɗa da zaman Ikko, inda mutum ke ganin babu wanda ya san asalinsa.

Ka dubi masu shigo maka. Direbobin tirela ne da suka yi kwanaki suna jiran lodi a Apapa, da fataken shanu na mayankar Oko-Oba, da 'yan tumatir da albasa na Mile 12, da 'yan canji, da samarin da suka baro iyali watanni. Mafi yawansu kewar gida ce ta kawo su, suna so su ji waƙa da harshensu su sha lemo su tafi. Masu ɓata wuri ba su da yawa, sai dai su ne masu kashe kuɗi da ƙarfi, shi ya sa ake jin nauyinsu. Da zarar an ƙyale ɗaya ya taɓa bai ga komai ba, na bayansa ya koyi darasi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hannu da liƙi

Kai hannu kusan ko da yaushe ta ƙofar liƙi yake shigowa. Yau a goshi aka manna, gobe a wuya, jibi an gangara. Muddin tsarin gidanka ya bar mai liƙi ya tsaya numfashi da numfashi da 'yar rawa, wa'azi ba zai yi maka aiki ba. Tsarin za ka canja. Ka ɗaga dandamali ko da taku biyu ne, ka ja masa iyaka da igiya ko ƙarfe, ka ajiye babban faranti a gaba. Mai liƙi ya tsaya a ƙasa ya sa a faranti.

Za su yi gunaguni, amma kana da hujjar da ta fi ƙarfin gunaguninsu. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Shekaru ana yi wa dokar kallon wasa, sai a watan Afrilun 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ɗaure Bobrisky, wani sananne a soshiyal midiya, wata shida a kan haka bayan EFCC ta gurfanar da shi. Tun daga lokacin, idan sanƙira ya ce "Alhaji, a faranti, kada mu kwana a gidan yarin Ikoyi," dariya ake yi a bi.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne mai liƙi suna yake saye. So yake a ji cewa wane ya zo kuma ya fi wane. Ka ba shi wannan har ya ƙoshi. Sanƙira ya kira sunansa da garinsu da sana'arsa, ya faɗi abin da ya bayar, makaɗi ya yi masa take. A gidan da na riƙe, kuɗin da ke shigowa bai ragu ba bayan mun raba hannu da jiki, gasar ce kawai ta koma ta baki. Wanda ba shi da tsabar kuɗi ya yi tiransifa, amma zuwa asusun gida. Kada ka taɓa bari a karanto lambar asusun yarinya a lasifika. Tiransifa tana nuna cikakken sunanta na gaskiya, kuma a irin su OPay lambar asusun ita ce lambar wayarta. Cikin minti ɗaya ka miƙa wa mutum ɗari sunanta da hanyar damunta.

Wanda ya ƙetare iyaka, sanƙira ya fara yi masa tuni cikin raha ba tare da kiran suna ba. Ya sake, mai gadi ya je ya yi masa magana a kunne. Ya yi na uku, a raka shi waje ba zagi ba duka. Ka ja wa masu gadinka kunne sosai a nan, domin mai gadin da ya fasa wa baƙo baki ya jawo maka 'yan sanda, kuma ya mai da mai laifi abin tausayi. Ka kuma ba 'yan rawa wata alama da za su yi da hannu idan wani ya dame su, kuma duk wadda ta yi alamar a amsa mata nan take, bincike sai an tashi.

Na taɓa fitar da wani dillali wanda shi kaɗai yakan kashe abin da tebur biyar ba su kashe ba. Ya riƙe wa wata yarinya zani, ta yi alama, aka yi masa magana ya ce kuɗinsa ne ya gina wurin. Na je da kaina na ce, "Alhaji, girmanka ya fi haka, yau dai a yi haƙuri a tafi." A daren uban gidana ya kira ni ya yi ta faɗa, na kwana ina tunanin aikina ya ƙare. Alhajin ya ƙaurace mana kusan wata biyu, sannan ya dawo ya zauna a teburinsa, bai ƙara ba. Abin da ya fi mini wannan daraja shi ne daga ranar yaran suka fara kawo mini ƙorafinsu da kansu, abubuwan da suka yi shekaru suna haɗiyewa.

Za ka ji masu cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ban yarda a yi amfani da wannan karin magana a wanke mai kai hannu ba. Amma gaskiya ne 'yan rawa su ma suna da nasu ladabin: zuwa a kan lokaci, kada a hau dandamali a buge, kada a zauna a cinyar baƙo, kada a karɓi kuɗin mutum da alkawarin haɗuwa a waje, kada a yi wa abokiyar aiki zagon ƙasa a kan mai liƙi. Wannan dokar ta hau kan mazan ma, domin su ma akwai masu damunsu kuma akwai masu damun wasu a cikinsu.

Waya

Wannan ita ce ta fi ci mini rai, domin taɓawa tana ƙarewa a daren, bidiyo kuwa ba ya mutuwa. Yawancin yaran nan gida an san suna aikin gidan abinci ne ko kitso ko shago. Na ga yarinyar da aka sa wa ranar aure a garinsu, sakan talatin na rawa ya kai hannun dangin mijin, aka dawo aka karɓi lefe. Wanda ya ɗauka ko sunanta bai sani ba, nishaɗinsa kawai yake yi.

Dokar gida ta zama ba a ɗaukar hoto ko bidiyo, a rubuta a ƙofa da Hausa da Turanci, sanƙira ya maimaita bayan kowace waƙa biyu ko uku har ta zauna wa mutane. Ban ba ka shawarar karɓe wayoyi a ƙofa ba, na gwada, rigimar ɓatan waya ta fi ƙarfina. Abin da ya yi mini aiki shi ne 'yar takarda mai gam da ake manna wa kyamara a ƙofa, da mutum ɗaya da ba shi da wani aiki sai zagaya tebura yana duba hannaye. Wanda aka kama, a roƙe shi ya goge a gabanka, ya buɗe wurin da gogaggun hotuna ke taruwa ya sake gogewa. Kada a fizge masa waya.

Sai kuma gidan kansa. Sau da yawa dije ne ko manaja ke ɗauka don tallar wuri, ko a kunna kai tsaye a TikTok ana neman kyauta. Ba a sa fuskar kowa a shafin gida sai da yardarsa a rubuce, kuma wadda ta yarda yau tana da damar cewa a cire gobe. Wadda ta ƙi kada a rage mata rabo ko a mai da ita layin baya. Kowa ya yi aiki da sunan wasa, sunan gaskiya da garin asali su tsaya a littafinka, littafin kuma a kulle.

Game da wadda iyayenta suka gani, ka fara tambayarta abin da take so. Kada ka kira gidansu don ka gyara sai in ita ta nema. Ku adana hoton shafin da sunan wanda ya sa, ku kai ƙara ta cikin manhajar, ku da yawa. In ɗan gari ne da aka sani, shugaban ƙungiyarsu ta kasuwa ko fadar Sarkin Hausawan unguwa sukan sa a cire abu cikin sa'o'i, abin da takarda za ta yi makonni ba ta yi ba. In kuwa hoton tsiraici ne, ko ana yi mata barazanar yaɗawa sai ta biya ko ta ba da kanta, wannan ya wuce sulhu. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci a kai, kuma hukumar DSVA ta jihar Legas mai kula da cin zarafin mata tana karɓar irin wannan ƙara.

Kuɗi, bashi da shekaru

Rigimar rabo duhu ne ke haifar da ita. A ƙirga abin faranti a gaban kowa kafin a watse, a rubuta a littafi, wakiliyar 'yan rawa ta sa hannu. Kason gida da na makaɗa da na sanƙira da na 'yan rawa a yanke shi tun kafin a kunna fitila, kada ya canja don daren ya yi albarka. Abin da aka liƙa da sunan mutum ɗaya a rubuta shi daban. A biya a daren, "sai gobe" ita ce uwar zargi. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku, kuma ba ta ba mai gida damar zaftare albashi da sunan tara yadda ya ga dama ba. Ko shafi ɗaya ne ka rubuta da Hausa, a karanta wa wadda ba ta iya karatu a gaban shaida.

Akwai wata ɗabi'a da nake so ka bincika ko tana gidanku. A ɗauko yarinya daga Arewa ko Nijar da sunan aikin gidan abinci, a biya mata kuɗin mota, a saya mata kaya, a ba ta ɗaki, sannan a ce duk bashi ne, ba za ta tafi ba sai ta biya, bashin kuma kullum ƙaruwa yake, wani lokaci har a riƙe mata waya. Masu yi suna kiransa taimako. Doka tana kiransa safarar mutane, kuma don irinsa aka kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, a 2003, suna da ofis a Ikeja. Duk wadda ke aiki a wurinka ta kasance za ta iya ɗaukar jakarta ta fita ranar da ta so.

Shekaru kuwa babu ciniki a kansu. A dokar kare hakkin yara ta jihar Legas ta 2007, duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Kada ka auna da ido, kada ka yarda da "ai ta taɓa aure." Ka ga takardar NIN da idonka, ka dubi hoton ka dubi fuskar. Wadda ba ta da shaida ba ta hawa dandamali, ba ta kai lemo tebur, ba ta kwana a gidan. A ƙofa ma haka, yaro ba ya shiga ko da wa ya zo.

Kai da kanka

Yanzu zan yi maka maganar da yaya ke yi wa ƙaninta. Shekararka 29, kai ke raba aiki, kai ke raba kuɗi, a gabanka mata tara. Kada ka nemi ko ɗaya daga cikinsu. Ko ta nuna tana so, ba za ka taɓa sanin ko kai take so ko tsoron rasa aiki take ba, sauran takwas kuma daga ranar sun daina yarda da adalcinka. In aure kake nufi da gaske, akwai hanyarsa, kuma ba ta ofis take bi ba. Dokar laifuka ta jihar Legas ta 2011 ta sa matsa wa mutum da neman lalata, musamman a wurin aiki, cikin laifukan da ake ɗauri a kansu. Wannan dokar ta hau kan dije da masu gadi. Ɗakin canja kaya na mata ne, da sakata ta ciki, namiji ba ya shiga ko da kai ne, ka sa babbar cikinsu ta riƙe shi.

Za a zo maka da kuɗi a ce ka ba da lambar wance, ko ka turo ta otal. Ranar da ka karɓa sunanka ya tashi daga manaja ya koma kawali, gidan kuma ya koma gidan karuwai, abin da dokar nan ta 2011 ta haramta buɗewa. Amsata a kullum ita ce, "Alhaji, mu rawa muke sayarwa." Abin da baligar mace ta yi da rayuwarta bayan ta bar ƙofarka ba ka da iko da shi, sai nasiha in ta ba ka fuska, amma kada ya bi ta hannunka, kada ka ci ko sisi a ciki.

Sauran abubuwan gajeru ne. Ƙwaya da kodin da wiwi kada su shigo, NDLEA tana kai samame wuraren dare kuma mai wuri ake fara tambaya. LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, tana rufe wuri saboda ƙarar kiɗa, ka juya lasifika ciki, ka kashe kiɗa tun kafin kiran assalatu, maƙwabta su ne garkuwarka ko masu kai ƙararka. Masu shan taba da shisha a ware musu gefe. Ƙofar baya kada a sa mata kwaɗo ana cikin wasa.

Tashi daga aiki shi ne lokacin da aka fi cutar yaran nan, kuma shi ne manajoji suka fi mantawa. Tun da aka hana acaba a manyan sassan Legas daga 1 ga Yunin 2022, komawa gida da tsakar dare ya ƙara wuya. Ka yi yarjejeniya da direba ɗaya ko biyu da ka san gidajensu, a fita rukuni, ko a jira gari ya waye a ɗaki mai kulle. Baƙo ba ya rage wa 'yar rawa hanya daga ƙofarka. In Allah ya kiyaye aka yi wa wata fyaɗe, kada a tsaya taron sulhu: a kai ta cibiyar Mirabel da ke asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, kyauta suke dubawa, kuma maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin sa'o'i 72 ake fara shi. Lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767, a rubuta su a bangon ɗakin canja kaya.

Batun makulli

Duk wannan ba zai tsaya ba in uban gidanka bai tsaya a bayanka ba, domin ranar da ka fitar da babban mai liƙi shi za a kira. Ka same shi da rana, shi kaɗai, ka je da takarda. Kada ka fara masa da tausayi, ka fara da abin da zai rasa: rufe gida, kamu, da 'yan rawa masu kyau da ke guduwa inda ake mutunta su suna tafiya da masu kallonsu. Ka nemi ya ba ka wata biyu na gwaji. Faranti da takardar kyamara da kason rabo duk abin tattaunawa ne, in ya ce a bi a hankali ka bi, ka fara da littafin kuɗi don shi ne zai sa yaran su yarda da kai. Amma in ya ce a bar ƙananan yara su yi aiki, ko a ci gaba da riƙe wata da bashi, ko a riƙa tura su wurin baƙi, to a nan ka ajiye masa makullinsa, kuma kafin ka fita ka tabbata kowace yarinya ta san inda ofishin NAPTIP yake da yadda za ta same ka. Ka rubuto mini bayan kun zauna in ji yadda kuka yi.